Zaren da ba ƙarfe ba, me ke juya shi a gaban maganaɗisu?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malaman fizik. A darasin kayan ƙere-ƙere an ce mana idan aka zuba ƙananan zaruruwa a ruwa, irin waɗanda sai da madubin likita ake gani, aka tura kwalbar cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sai su yi sahu su fuskanci wuri guda. Wai har da na auduga da na jikin dabba. Ni dai sanin da na yi wa mayen ƙarfe, ƙarfe yake kamawa. Ina ruwansa da auduga?

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, tun ba a haife ka ba nake ɓare lasifika. Mayen ƙarfe ko alminiyom ba ya kamawa, ko tagulla, balle auduga. Ko dai akwai garin ƙarfe a ruwan nan, ko kuma ba ka ji malamin da kyau ba.

Malam Nasiru: Baba, Allah ya ƙara girma, kan batun kamawa babu mai ja da ku. Sai dai kamawa daban, juyawa daban. Maganaɗisu yana jan abu ne idan ƙarfinsa a nan ya fi na can, sai abin ya tafi inda ƙarfin ya fi yawa. A tsakiyar manyan maganaɗisun ɗakin bincike kuwa ƙarfin daidai yake a ko'ina, don haka ba a jan komai. Abin da ya rage shi ne murɗawa. Zaren yana nan inda yake shawagi, fuskarsa kawai ke sauyawa.

Na biyu, babu wani abu a duniya da maganaɗisu bai shafa ba. Ƙarfe da nikel da kobalt su ne masu mannewa. Akwai waɗanda ake ja kaɗan ƙwarai, alminiyom na cikinsu. Sauran kuma, ruwa, itace, auduga, tagulla, naman jikinmu, ture su ake yi, amma turin da hannu ba ya ji. Michael Faraday ne ya tabbatar da wannan a Landan a 1845, shi ya raɗa musu suna dayamagnet. Shekara biyu bayan haka Julius Plücker a birnin Bonn na Jamus ya rataye wasu duwatsun kiristal tsakanin bakin maganaɗisu, ya ga suna juyawa su tsaya a fuska guda, kuma fuskar ba ta bin siffar da aka yanka dutsen, tsarin cikinsa take bi. Amsar tambayarka tana nan, Auwalu.

Auwalu: Malam, a ɗan sassauto. Idan ture shi ake yi, ai sai ya gudu. Me ya kawo juyawa?

Malam Nasiru: Saboda turin ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Ɗauki garafait, baƙin da ke cikin fensir. Atom ɗin kabon a cikinsa sun haɗu zobe-zobe masu kusurwa shida, shimfiɗe falle a kan falle. Idan layin maganaɗisu, wato hanyar da ƙarfinsa ke bi daga wannan baki zuwa wancan, ya ratsa ta tsakiyar zoben, ilektaron ɗin da ke kewaye da shi suna samun fili su zagaya, zagayen nan kuma yana haifar da ɗan maganaɗisun da ke adawa da na waje. Turi ya yi yawa kenan. Idan kuwa layin ya bi ta gefen zoben, babu filin zagayawa sosai, turi kaɗan ne. Abu kuma in ka bar shi ya sake, inda wahala ta fi sauƙi yake komawa. Sai fallen ya juya ya ba layin gefensa.

Masanin Indiya K. S. Krishnan ya shafe shekarun 1930 yana auna wannan bambanci a kiristal iri-iri, Linus Pauling kuma ya yi lissafin zagayen ilektaron a zoben a 1936. A zare, molekul ɗin ba a warwatse suke ba, a jere suke bisa tsawonsa. Ɗan bambancin kowane ɗaya sai ya haɗu da na ɗan'uwansa, miliyoyi a kan miliyoyi, har ya isa ya murɗa zaren gaba ɗaya.

Sadiq Ɗan Gayu: Wato in na shiga injin hoton asibiti da shaddata, sai ta juya ta bar ni?

Malam Nasiru: Shaddarka a saƙe take, kowane zare ɗan'uwansa ya riƙe shi. Shi ya sa ake maganar ruwa. A ruwa babu mai riƙe shi.

Auwalu: To na gane. Kenan duk sai su miƙe su bi tsawon layin maganaɗisun.

Injiniya Hadiza: A'a ƙanena, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Garin ƙarfe ne ke bin layi saboda dogo ne, a wurinsa siffa ce ke aiki. A waɗannan raunanan kuwa siffar waje kusan ba ta da ta cewa. Yadda molekul suka kwanta a ciki shi ne alƙali, kuma ba koyaushe yake yanke hukunci iri ɗaya ba.

Faibirin, zaren da jini ke saƙawa idan zai daskare a bakin ciwo, yana bin tsawon layin. Jim Torbet da abokan aikinsa a Grenoble ta Faransa sun nuna haka a 1981: suka bar shi ya daskare a cikin maganaɗisu, ya fito a jere. A 1984 Torbet ya maimaita da kolajin, zaren da ke cikin fata da jijiya, sai ya kwanta a gicciye. Duka biyun furotin ne, amma gaɓoɓin da suka haɗa sarƙar, waɗanda su ma a shimfiɗe suke kamar zoben da Malam ya faɗa, a faibirin sun bi tsawon zaren, a kolajin sun gitta shi. Selulos, wato abin da ya yi auduga da itace, shi ma a gicciye yake kwanciya. Sugiyama da Chanzy da Maret ne suka nuna shi a 1992 da ƙarfin tesla 7. Zaren kabon kuma yana bin layi, don fallen garafait ɗinsa sun bi tsawonsa. Zaren gilashi dogo ne siriri, amma cikinsa babu tsari, da ƙyar ka ga ya motsa.

Baba Mai Rediyo: Wannan tesla da kuke ta kira, mota ce ko me? Ku gwada min da na lasifika in san inda nake.

Injiniya Hadiza: Ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne Baba, sunan Nikola Tesla aka sa masa, motar ma sunansa ta ci. Na duniyar nan da ke juya allurar kamfas bai kai kashi 1 cikin 10,000 na tesla ɗaya ba. Wanda ake mannawa a jikin firij kamar kashi 5 cikin 1,000. Fararen nan masu ƙyalli da ake cirowa a had dis na kwamfuta, na niyodimiyom, a kan fuskarsu ana samun kashi 3 zuwa 5 cikin 10. Baƙin zoben bayan lasifika bai kai su ba. Injin MRI na asibiti yawanci 1.5 ne ko 3. Na ɗakunan bincike su ne ke kai 10, 20. Akwai mai 45 a Tallahassee ta jihar Florida tun 1999, na Hefei a ƙasar Sin kuma ya kai 45.22 a 2022. Na Tallahassee ɗin yana shan wuta kusan megawat 30 idan an kunna shi sosai.

Sadiq Ɗan Gayu: Megawat 30 don a juya zare! A unguwarmu kafin ya yi rabin juyi an ɗauke wuta.

Mushe Habu Damagaram: Gaisuwa ga 'yan zaure. Ina koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, kuma duk shekara sai na nuna wa ɗalibaina hoton kwaɗon nan da aka sa ya tashi sama a Nijmegen ta Holan a 1997, cikin tesla 16. Andre Geim ne ya yi, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2010. Turin da maganaɗisun ke yi wa ruwan jikin kwaɗon ne ya ɗaga shi. Amma Malam Nasiru, abin da nake so ka warware mana, me ya sa juyawa kawai take buƙatar irin wannan ƙarfi? A ruwa ai babu abin da ya tare zaren.

Malam Nasiru: Akwai, Mushe. Zafi ne. Molekul ɗin ruwa ba sa zama, kullum cikin bugun duk abin da ke cikinsu suke ta kowane ɓangare. Shi ne rawar da Robert Brown ya gani a madubi a 1827, Einstein ya yi bayaninta a 1905. Maganaɗisu na ƙoƙarin tsayar da zaren a fuska guda, ruwa na wujijjiga shi. Wanda ya fi ƙarfi shi ke da rana.

Ƙarfin ɓangaren maganaɗisu ya rataya a kan abu uku: girman bambancin da ke cikin zaren, girman jikinsa, da yawan tesla sau kansa. Wannan na ƙarshen a lura da shi. In ka ninka tesla sau 10, ƙarfin juyi ninki 100 yake yi.

Bari mu sa lamba. A selulos bambancin kusan kashi 1 ne cikin miliyan. A tesla 10 wannan yana ba da kusan jul 40 (jul ma'aunin makamashi ne) a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Bugun zafi a yanayin ɗaki kuwa kusan jul 4 × 10⁻²¹ ne. In ka raba, za ka ga sai jikin zaren, wato tsawo sau faɗi sau kauri a ma'aunin nanomita (kashi 1 cikin miliyan na milimita), ya kai kimanin 100,000 kafin ma a yi kunnen doki. Yanzu ɗauki ɗan silin selulos da aka ciro daga itace, misali faɗi nanomita 5, kauri 5, tsawo 150. Bai kai 4,000 ba. Zafi ya cinye shi, ko a tesla 10. Shi ya sa masu binciken 1992 suka yi amfani da selulos na wata halittar teku da ake kira tuniket, wanda silinsa ya fi kauri, tsawonsa kuma yana wuce nanomita 1,000.

Auwalu: To ƙananan na itacen shi kenan ba sa jeruwa?

Malam Nasiru: Suna yi, amma ba ɗai-ɗai ba. A Montreal ta Kanada, Jean-François Revol da Derek Gray da abokansu sun ga cewa idan silin suka yi yawa a ruwan, cunkoso yana tilasta musu kwanciya gefe da gefe da kansu, tun ba a kawo maganaɗisu ba. Sai dubbai su zama ƙungiya guda mai motsi tare. A lissafin nan girman ƙungiyar za ka sa, ba na sili ɗaya ba. A 1994 suka nuna ƙungiyoyin suna juyawa a cikin maganaɗisu.

Baba Mai Rediyo: Tsintsiya kenan. Sili ɗaya ba ya shara.

Malam Nasiru: Kun gama magana, Baba.

Injiniya Hadiza: Malam, lissafinka daidai ne, amma ina jin tsoron mai karatu ya tashi da cewa sai da tesla 10 ake wannan aiki. Ba haka ba ne. Wancan na 'yan mitsi-mitsi ne. Zaren kabon da ake sayarwa a masana'anta kaurinsa kamar maikiromita 10 ne, wato kashi 1 cikin 100 na milimita, jikinsa ya ninka wancan iyakar da ka lissafa sau miliyoyi, bambancin cikinsa kuma ya fi na selulos nesa ba kusa ba. Shi zafi bai dame shi ba, maganaɗisu na dindindin ma yana juya shi. Matsalarsa daban ce: yana nutsewa ƙasa, kuma ɗan motsin ruwan da hasken fitila ko ɗumin hannu ke tayarwa yana rikita shi.

Ga wani abin da ya ba ni mamaki ranar da na fara ganin lissafin Tsunehisa Kimura na Japan. Saurin juyawar bai dogara da girman zaren ba. Babban zare ana murɗa shi da ƙarfi, amma ruwan da zai ture ma ya fi yawa daidai gwargwado, sai su kashe juna. Abin da ke sa sauri ko jinkiri shi ne kaurin ruwan, da yawan tesla, da girman bambancin cikin zaren, da yadda tsawon zaren ya ninka kaurinsa. Girma yana yanke ko zai tsaya a sahun ne kawai.

Malam Nasiru: Ban ce sai da 10 ba, Injiniya. Auwalu kan ƙanana ya yi tambaya, a kan ƙanana na amsa.

Injiniya Hadiza: Ya ce waɗanda ake gani da madubin likita. Naka ai sai da madubin ilektaron.

Malam Nasiru: To, mu bar wa ɗalibin ya zaɓi wanda malaminsa ke nufi.

Sadiq Ɗan Gayu: Ni duk wannan, wa ya ci riba? Ko dai Turawa ne kawai da wasan kuɗi?

Injiniya Hadiza: Wataƙila a cikin na'urorin da kake taɓawa ma akwai shi. Tsakanin cif mai zafi, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ƙarfen da ke sanyaya shi ana sa wata 'yar shimfiɗa mai laushi. Zaren kabon yana kai zafi sosai ta tsawonsa, ta gicciye kuwa kaɗan. Wasu kamfanonin Japan suna dama shi cikin ruwan silikon, su tsayar da shi a tsaye da maganaɗisu, su bar silikon ɗin ya daskare a haka. Sai zafin ya bi zaren ya fita kai tsaye. Dabarar kullum ɗaya ce: jera shi yana ruwa, ka daskarar kafin ya watse. Da ka kashe maganaɗisun ruwa bai kama ba, aikin ya tashi a banza.

A Jami'ar Minnesota, ɗakin binciken Robert Tranquillo ya jera kolajin haka a cikin siraran bututu a ƙarshen shekarun 1990, aka ga jijiyar saƙo da ta yanke tana bin sahun idan za ta sake tofowa. A Jami'ar Rice ta Texas kuma mutanen Richard Smalley sun tace ruwan da aka zuba wa 'yan mitsi-mitsin bututun kabon a cikin tesla 7 da 25 suka samu falle mai jerarren zare. Waɗanda suka fi burge ni su ne na ETH a Zurich, Randall Erb da André Studart, a 2012. Maimakon neman ƙaton maganaɗisu, sai suka yayyafa wa ƙananan ƙwayoyin da suke son jerawa ɗan garin tsatsar ƙarfe kaɗan a jiki, suka juya su da ƙarfin da bai wuce na maganaɗisun firij ba.

Baba Mai Rediyo: Yauwa! An dawo maganata. Garin ƙarfe.

Injiniya Hadiza: A wannan ɗin kam haka ne Baba, da gangan aka sa. Amma ga gwajin da za ku yi a shago. Ku samu garin garafait da ake zuba wa kwaɗon ƙofa, ko ku kankare fensir mai laushi irin 6B. Kaɗan a ƙaramar kwalbar ruwa, da ɗigon sabulu don kada ya dunƙule. Ku haska tocila ta gefe, ku kawo maganaɗisun had dis jikin kwalbar. Ƙyallin ruwan zai canja a kusa da shi, saboda fallayen sun juya.

Baba Mai Rediyo: Fensir ai da yumɓu ake haɗa shi, yumɓu kuma ba ya rasa ƙarfe.

Injiniya Hadiza: Shi ya sa na fara da garin kwaɗo. Kuma ido zai raba gardama. Mai ƙarfe zai taho ya taru ya manne a jikin gilashin. Garafait ba ya taruwa, ƙyalli kawai yake sauyawa. Don Allah a kiyaye yara da waɗannan fararen maganaɗisun, idan yaro ya haɗiyi biyu suna iya matse hanji tsakaninsu har su huda.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri zan shigo da wata magana. Ina ta bin ku ne saboda 'yata mai sikila ce, kuma an rubuta mata hoton MRI na kai. Wata a asibiti ta ce min wai maganaɗisun injin yana juya jinin masu sikila. Na ɗauka surutu ne, yanzu kuma na ji kuna cewa yana juya zaren jini. Hankalina ya tashi.

Dakta Kabiru: Maman Ilham, Allah ya ba ta lafiya. Kwantar da hankalinki, ki kai ta a yi hoton. Zan gaya miki inda maganar ta samo asali, don tana da tushe, sai dai an tsinke ta a rabi.

A jinin mai sikila, idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, himoglobin ɗin da ke cikin jar ƙwayar jini yana harhaɗuwa ya zama dogayen zaruruwa masu tauri. Su ne ke miƙar da ƙwayar ta lanƙwashe ta koma siffar lauje. Pauling da Coryell sun gano tun 1936 cewa himoglobin da ya saki oksijin maganaɗisu na ɗan jan sa, wanda ke riƙe da oksijin kuwa ture shi ake yi. To ga zare a jere, ga shi kuma yana amsa maganaɗisu. A 1965 Makio Murayama, mai bincike a Amurka, ya sa ƙwayoyin da suka riga suka lanƙwashe a cikin tesla 0.35, ya ga sun kwanta a gicciyen layin. Wannan gaskiya ne.

Amma a kan gilashi aka yi, da jinin da aka cire wa oksijin da gangan. A jiki, zuciya tana tura jini da ƙarfi, ƙwayoyin a cunkushe suke suna gogar juna da bangon jijiya. Likitoci sun yi irin tambayarki tun a shekarun 1980, aka duba gudun jinin masu sikila a cikin injin, ba a ga ya canja ba. Yau a duk duniya da MRI ake gano ɓoyayyen shanyewar ɓarin jiki a ƙwaƙwalwar yara masu sikila, irin wanda ba ya nuna alama a waje. Haɗarin ƙin yin hoton shi ne abin tsoro.

Maman Ilham: Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Akwai abin da zan kiyaye?

Dakta Kabiru: Ta sha ruwa yadda aka saba sai in an ce za a ba ta maganin barci, a nan ki bi umarnin da za su ba ki. Ɗakin yana da sanyi, ki nemi a rufa mata bargo. Ki cire mata 'yan kunne da duk wani ƙarfe, har da fil ɗin ɗankwali, ki kuma gaya musu idan an taɓa sa mata wani ƙarfe a jiki.

Ƙarin bayani ga masu fizik: ƙwayar jinin mai lafiya ma tana juyawa. Higashi da abokansa a Japan sun nuna a 1993 cewa a tesla 4 kusan dukkansu suna ba layin gefensu. Wannan ba daga ƙarfen jini ba ne, daga fatar ƙwayar ne, wadda molekul ɗinta ke jere.

Alhaji Mai Awarwaro: Masha Allah. Wannan ya tabbatar da abin da muke faɗa. Muna da awarwaron maganaɗisu mai daidaita jini, yana maganin hawan jini da ciwon gaɓoɓi da sikila. Mai buƙata ya yi magana ta akwati.

Dakta Kabiru: Alhaji, da girmamawa, babu abin da na faɗa da ya tabbatar da wannan. Ka koma lissafin Malam Nasiru: tesla sau kansa. Ƙarfin maganaɗisun awarwaro yana faɗuwa warwas da ka matsa 'yan milimita daga jikinsa. Ko da ya juya ƙwayar, juya ta ba ya narkar da zaren da ke cikinta, ba ya kuma hana ta toshe jijiya. Kada wata uwa ta ajiye folik asid ko haidiroksiyuriya ko maganin rigakafin zazzaɓi saboda awarwaro.

Admin: Alhaji, ba a talla a nan. Na goge lambar da ka saka.

Mushe Habu Damagaram: In koma kan gicciye. Injiniya, wani abu bai zauna min ba. Zaren da ke bin layi fuska ɗaya gare shi. Amma a ce layin ya taso daga ƙasa zuwa sama, mai kwanciya a gicciye yana iya kallon gabas, yana iya kallon kudu, duk gicciye ne. Wannan ai bai zama sahu ba.

Injiniya Hadiza: Ka ga abin da ya dami masu selulos da kolajin kenan, Mushe. Maganaɗisun da ke tsaye wuri guda yana kwantar da su ne kawai, bai zaɓa musu fuska. Maganin da Kimura da mutanensa suka yi ta amfani da shi shi ne a riƙa jujjuya kwalbar, ko maganaɗisun, da saurin da zaren ba zai iya bi ba. A ce layin yana zagayawa, yanzu gabas, yanzu kudu, yanzu yamma. Zaren yana neman fuskar da za ta zama gicciye ga dukkansu a lokaci guda. Guda ɗaya ce tak: tsaye, bisa sandar da ake juyin a kanta. Sai duk su miƙe a nan.

Mushe Habu Damagaram: Wannan zan ba 'yan ajin ƙarshe su yi tunaninsa kafin in faɗa musu.

Injiniya Bala: Na zo a makare. Ba wanda ya ambaci asbestos, alhali shi ne ya fi kusa da mu, ga shi a rufi da silin na tsofaffin gine-gine. Victor Timbrell, a wata cibiyar binciken cutar huhu da ke Wales, ya nuna a shekarun 1970 cewa zaruruwan asbestos da aka zuba a ruwa suna jeruwa a maganaɗisu, wasu su bi layi, wasu su gitta, gwargwadon irinsu. Shi asbestos akwai ƙarfe a jikinsa, don haka ba ya buƙatar tesla mai yawa. Masu bincike a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila sun ɗora a kan wannan suka ƙera na'urar da ke zuƙo iska, ta haska zaren da leza, ta wuce da shi ta tsakanin maganaɗisu, ta sake haska shi. In ya juya, ana zargin asbestos ne. Zaren gilashi ko na jifsom wucewa yake yadda ya shigo.

Sadiq Ɗan Gayu: Bari in kankaro silin ɗin gidan kakata in gwada a kwalbar Baba.

Injiniya Bala: Kul! Muddin yana nan lafiyayye ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Kankara da yanka da fasawa su ke sakin ƙurar, ita ce ke zama a huhu, cutar kuma sai bayan shekaru 20 ko 30 ko fiye take bayyana. Ka tsaya a fensir.

Auwalu: Na gode ƙwarai malamai. Saura ɗaya. Waɗancan 'yan mitsi-mitsin da ko madubi bai gani, ga su kuma a cikin ramin maganaɗisu, ta yaya aka san sun jeru?

Malam Nasiru: Da haske. Ruwan da zaruruwansa ke a warwatse iri ɗaya yake ga haske ta kowace fuska. Da sun jeru, hasken da ke kaɗawa bisa tsawonsu da wanda ke kaɗawa a gicciye sai saurinsu ya bambanta. Ana sa kwalbar tsakanin matatun haske guda biyu da aka gitta su yadda babu abin da ke wucewa. In babu sahu, duhu za ka gani. In an fara jeruwa, haske ya fara ɓullowa, kuma daga yawansa ake lissafa yadda sahun ya kai. Mai son ganin tsarin ciki sosai sai ya ƙara da hoton eksire ko na niyutiron, wanda Grenoble ta shahara da shi.

Injiniya Hadiza: Matatar ma ba sai ka saya ba. Kowane gilashin kalkuleta ko na tsohuwar waya yana da ita manne a fuskarsa, leda ce mai ɗan duhu, a hankali ake ɓare ta da reza. Ka samu biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka juya har su yi baƙi. Sai ka tura ledar burodi a tsakani, ka ja ta har ta miƙe, ka riƙe ta a karkace. Inda ta miƙe zai yi haske. A nan hannunka ne ya jera molekul ɗin ba maganaɗisu ba, amma awon ɗaya ne.

Baba Mai Rediyo: Matattun kalkuleta suna nan cike da kwali a shago, had dis ma akwai. Auwalu, in kana cikin gari ka biyo bayan la'asar. Ka taho da fensirinka da reza, tawa ta dakushe.